Abin da kwalin talabijin ba ya faɗa maka game da Hz da 3D

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a Sabon Gari ko Titin Beirut a Kano, ko kasuwar Alaba a Legas, da niyyar sayen talabijin, zai tarar da kwalaye sun sha lambobi. Wannan an rubuta masa 60Hz, wancan 120, na kusa da shi 400, wani tsohon filasma na gwanjo kuwa har 600Hz. A cikin na gwanjon akwai masu tambarin 3D, wani lokaci da tabarau biyu a leda an manna a bayansu. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, ɗauki wannan, ya fi gudu." Ba lallai yana nufin cutarka ba, shi ma abin da kwali ya faɗa masa yake maimaitawa. Matsalar ita ce yawancin lambobin nan ba abu ɗaya suke aunawa ba, wasunsu ma ba sa auna komai. Allo ba ya iya nuna abin da kyamara ba ta ɗauka ba, sai dai ya maimaita, ko ya yi ƙage, ko ya raba ɗan abin da yake da shi gida biyu. Duk maganar Hz da ta 3D a cikin waɗannan hanyoyi uku take yawo.

Hoton talabijin ba ya motsi. Allo yana nuna hoto tsayayye ne, ya kawar da shi, ya kawo wani da ya ɗan bambanta, a jere a jere, da saurin da ido ba ya iya rarrabewa, sai ƙwaƙwalwa ta ɗinke su ta ce ɗan wasa yana gudu. Yawan sabunta hoton da allo ke yi a cikin sakan ɗaya shi ake aunawa da Hz, wanda aka ɗauko daga sunan Heinrich Hertz, Bajamushen masanin kimiyyar da ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo a ƙarshen shekarun 1880. Allo mai 50Hz yana sabunta hoto sau 50 a sakan, mai 120Hz sau 120. Amma akwai wata lamba ta biyu da ba a rubutawa a kwali, kuma ita ce uwa: hotuna nawa kyamara ta ɗauka a sakan tun farko?

A zamanin finafinan bebaye da hannu ake juya kyamara, saboda haka saurin bai da tsayayyen ma'auni. Da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 sai ya zama dole a tsaya wuri ɗaya, domin in sauri ya canza murya ma canzawa take yi. Aka tsaya a kan hotuna 24 a sakan. Ba wai ido ya fi son 24 ba ne, adadin da zai ba da sauti mai kyau ne ba tare da an ƙona zaren fim mai tsada da yawa ba. Sai dai haske mai ɗaukewa ya dawo sau 24 a sakan yana damun ido ƙwarai, don haka aka sa wa majigi wani faifai mai juyawa da ke tare hasken, ya haska kowane hoto sau biyu ko sau uku. Mai kallo yana samun walƙiya 48 ko 72, amma hotunan suna nan 24 ɗinsu. Tun daga gidan silima ke nan aka fara raba yawan haskawa da yawan hotuna.

Talabijin kuwa daga wayar wutar lantarki ya gaji lambarsa. Wutar da ake rabawa gidaje tana kai da komowa sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a Turai da yawancin Afirka, har da Najeriya da Nijar da Gana. Injiniyoyin farko sun ɗaure saurin hoto da saurin wutar ƙasarsu, domin in sun saɓa sai wani baƙin zane ya riƙa rarrafe a kan allo, fitilun ɗakin ɗaukar shiri su riƙa ƙiftawa a hoto. Haka Amurka ta samu tsarin NTSC mai layi 525 da 60Hz, wanda aka ɗan rage zuwa 59.94 lokacin da aka shigo da launi a 1953. Turai ta tsaya a layi 625 da 50Hz, Jamus ta fito da PAL, Faransa ta fito da SECAM. Najeriya, wadda ta buɗe gidan talabijin na farko a Ibadan a 1959 da na Kaduna a 1962, ta bi PAL, Nijar ta bi SECAM. Kuma a duka tsarin ba cikakken hoto ake aikowa kowane karo ba. Layukan mara ake aikowa, wato na ɗaya da na uku da na biyar, sannan a biyo da na cika, a tsarinmu rabi-rabi sau 50, su haɗu su ba da cikakkun hotuna 25.

Talabijin na yanzu ya daina dogara da saurin wuta, yana da agogonsa a ciki, don haka ko janareto yana tari ba zai canza Hz ɗin allo ba. Amma gadon bai gushe ba. Abin da dikodar tauraron ɗan'adam ke kawo mana, ƙwallon Firimiya ne ko labarai ko wasan kwaikwayo, a kan 25 ko 50 yake zuwa. Masu ɗaukar bidiyo da waya ma sukan ci karo da gadon nan ba su sani ba: wayar da aka saita a kan 30 ko 60, in ta ɗauki hoto a ƙarƙashin wasu fitilu masu bin wutarmu ta 50, sai ka ga zane-zane na bin hoton. Maganinsa a mayar da ita 25 ko 50 in tana da wannan zaɓi.

To yaya za a cusa fim mai hotuna 24 a cikin allo mai 60? Lissafin ba ya rabuwa daidai, biyu da rabi yake bayarwa. Dabarar Amurkawa ita ce a nuna hoto na farko sau uku, na biyu sau biyu, na uku sau uku, haka har fim ya ƙare. Sakamakon shi ne ɗingishi, wanda aka fi gani idan kyamara tana zagaya fili a hankali, ko sunaye suna hawa a ƙarshen fim. A ƙasashen 50Hz an bi gajeriyar hanya, aka ƙara wa fim ɗin sauri daga 24 zuwa 25. Fim mai awa biyu sai ya ƙare a minti 115, muryoyi su ɗan ƙara siranta, kuma shekara da shekaru muna kallo haka babu wanda ya yi ƙorafi. A nan ne allo mai 120Hz na gaskiya yake da amfanin da ba a cika faɗa ba. In ka raba 120 da 24 za ka samu biyar cif, kowane hoto ya tsaya daidai da ɗan'uwansa, ɗingishin ya tafi. Haka 30 da 60 suke shiga cikinsa ba saura. Irin wannan allo yakan koma 100Hz in an ba shi shiri mai 25 ko 50, shi ya sa talabijin ɗaya za ka ga an rubuta masa 100Hz a Turai, 120Hz a Amurka. Haka nan mai 50 da mai 60 kusan kullum abu ɗaya ne.

Akwai kuma wata damuwa da ta zo tare da shafaffen allo. Tsohon talabijin mai ƙoƙon baya walƙiya yake yi: ɗigo ya haska na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya mutu, sai zagaye na gaba. Wannan ya sa yake ƙiftawa, amma motsi a kansa tsaf yake fita. Allon LCD, wanda har da waɗanda ake kira LED, da kuma OLED, riƙe hoto suke yi har na gaba ya iso. Ka ɗauka an buga ƙwallo ta ratsa allo mai ɗigo 1920 daga gefe zuwa gefe cikin sakan ɗaya. Idonka yana bin ta sumul ba tsayawa, ita kuwa a kan allo mai 50Hz tsayawa take yi wuri ɗaya, sannan ta yi tsalle na ɗigo kusan 38, ta sake tsayawa. Ido yana tafiya hoto yana tsaye, sai ƙwallon ta shafe a cikin idonka ta zama dishi-dishi. Da a ce hotuna 100 ne mabambanta, tsallen zai ragu zuwa ɗigo 19, dishi-dishin ya ragu da rabi. Amma fa sai in hotunan mabambanta ne. In allo mai 100Hz ya maimaita kowane hoto sau biyu kawai, ƙwallon ta tsaya tsawon lokacin da ta saba tsayawa, ba a yi komai ba.

A nan kamfanoni suka shigo da ƙage. Na'urar da ke cikin talabijin tana duban hoto na ɗaya da na biyu, ta ƙiyasta inda kowane abu ya kamata ya kasance a tsakaninsu, ta zana sabon hoton da babu kyamarar da ta taɓa ɗauka, ta cusa shi a tsakiya. Samsung ta daɗe tana kiran wannan Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. A wasan ƙwallo yakan taimaka, ko da yake wani lokaci ƙiyasin na kuskure, ka ga ƙwallo ta rabu biyu ko ta ɓace a gaban 'yan kallo, ko wani kumfa ya kewaye ɗan wasa mai gudu. A fim kuwa ɓarna yake yi. Fim ɗin da aka kashe miliyoyin daloli wajen haskensa da ɗaukarsa sai ya koma kamar bidiyon biki. A Disambar 2018 ɗan wasa Tom Cruise da darakta Christopher McQuarrie sun fitar da ɗan gajeren bidiyo suna roƙon mutane su kashe wannan saiti, kuma a 2019 aka fito da Filmmaker Mode, zaɓi guda da ke kashe shi tare da sauran ƙarin gishirin. Ni dai ina tare da su a kan fim, ba na tare da su a kan ƙwallo. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin talabijin a kunne suke zuwa da shi daga kamfani, mai gida ya yi shekaru yana jin wani abu bai yi daidai ba a hoton, bai san akwai maɓallin kashewa ba.

Ba ƙagen ne kaɗai ke sa fim ya yi wani iri ba, ko hotunan gaskiya ne in sun yi yawa ido na tuhumarsu. Peter Jackson ya fitar da The Hobbit a 2012 a kan hotuna 48, Ang Lee ya kai 120 a Gemini Man a 2019, kuma masu kallo da yawa suka ce kamar suna leƙen wurin ɗaukar fim ne, ba fim suke kallo ba. Kusan shekara ɗari ido yana shan 24, ya riga ya ɗauka haka labari yake kama.

Sauran manyan lambobin na talla ne. Wasu talabijin suna ɗauke hasken baya na ɗan lokaci tsakanin hoto da hoto don su kwaikwayi walƙiyar tsohon allo. Dabarar tana rage dishi-dishi da gaske, amma tana rage haske. Kamfani sai ya haɗa saurin allo da ƙiftawar fitila da ƙarfin na'urar ƙage, ya fito da lamba ɗaya mai ƙiba, ya laƙaba mata suna irin Motion Rate ko Clear Motion Rate. Sau da yawa in ka ga Motion Rate 120, allon 60 ne. Shi kuwa 600Hz na filasma wani lissafi ne daban. Ɗigon filasma bai san rabin haske ba, ko a kunne ko a kashe, don haka ana ƙyasta shi kamar sau goma a cikin kowane hoto don a samu matakan haske. Goma sau 60 ya ba da 600, hotunan kuwa 60 ne. Filasma yana da kyau wajen motsi, amma ba don wannan lamba ba. An daina ƙera shi tun wajen 2014, duk da cewa a bakin mutanenmu kowane shafaffen allo filasma ne.

Wanda 120Hz ke yi wa aiki ba tare da ƙage ba shi ne mai wasan gem. PlayStation 5 da Xbox Series X, da suka fito a Nuwamban 2020, suna iya samar da hotuna 120 na gaskiya a wasu wasanni, kuma don a same su a kan 4K sai talabijin yana da kafar HDMI 2.1. Mai gem kuma dole ya kashe ƙage, domin na'urar ba ta iya zana hoton tsakiya sai ta jira na gaba ya iso, jinkirin nan kuwa a yatsa ake jin sa.

Maganar 3D daga idanunka ta faro. Ka miƙa yatsa a gabanka, ka rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Yatsan zai yi tsalle. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar santimita shida da ɗoriya, kowane ido yana ganin duniya daga kusurwarsa, ƙwaƙwalwa kuma daga wannan bambanci take gane kusa da nesa. Charles Wheatstone ya bayyana haka a Ingila a 1838, ya ƙera na'ura mai madubai da ke ba kowane ido zanensa. Duk wata fasahar 3D daga ranar zuwa yau tambaya ɗaya take amsawa: ta yaya allo ɗaya zai ba idon hagu hoto, ya ba na dama wani, ba tare da sun leƙa na juna ba? Tabarau mai ja da shuɗi ya raba su da launi, ya lalata launin fim. Hollywood ta yi zazzaɓin 3D na farko bayan Bwana Devil a 1952, fim a kan zakunan da suka addabi masu shimfiɗa titin jirgin ƙasa a Gabashin Afirka, zazzaɓin ya sauka cikin shekara biyu. Na biyu ya taso da Avatar na James Cameron a Disambar 2009, kuma kafin a kai tsakiyar 2010 manyan kamfanoni sun cika shaguna da talabijin masu 3D. Sun rabu gida biyu, a kwali za ka ga an rubuta Active ko Passive, wato mai tabarau mai batir da mai tabarau marar batir.

Mai batir lokaci yake rabawa. Allo ya nuna hoton hagu, ya nuna na dama, ya koma na hagu, sau 120 a sakan, ko 100 in shirin na yankinmu ne. Gilasan tabarau ɗin su ma ƙananan allunan LCD ne, ɗaya ya yi baƙi ɗaya ya buɗe, suna bin umarnin da talabijin ke aiko musu ta hasken da ido ba ya gani irin na rimot, ko ta Bluetooth daga baya. Kowane ido yana samun hotuna 60 ko 50, kuma kowane hoto cikakke ne mai layi 1080. Wannan shi ne abin alfaharin Samsung da Sony da Panasonic. A nan ne kuma Hz da 3D suka haɗu, domin tsarin ba ya yiwuwa sai allo yana da saurin gaske. In ɗigo bai gama goge hoton hagu ba lokacin da gilashin dama ya buɗe, sai ka ga inuwa ta biyu a gefen kowane abu. Filasman Panasonic ya yi suna a nan saboda saurin ɗigonsa.

Kuɗin da ake biya kuwa da yawa. Kowane ido a rufe yake aƙalla rabin lokaci, ga gilashin kansa mai duhu, sai hoto ya dushe sosai. Wasu mutane suna jin ƙiftawar, musamman a gefen ido. In akwai doguwar fitila a ɗakin, wadda a wutarmu take ƙiftawa sau 100 a sakan, sai ta yi karo da saurin tabarau, ɗakin gaba ɗaya ya riƙa rawa. Tabarau ɗin yana da nauyi, yana son caji ko sabon batir, kuma a 2010 guda ɗaya yakan kai dala 150. Ka lissafa gida mai mata da yara da baƙi.

Marar batir layuka yake rabawa, kuma yana aiki da wata ɗabi'ar haske da ido ba ya lura da ita. Haske igiya ce mai kaɗawa. Ka ɗaure igiya a jikin turke, ka zura ta ta tsakanin sandunan ƙofar ƙarfe, ka riƙe ɗaya bakin. In ka kaɗa ta sama da ƙasa, kaɗawar za ta wuce ta tsakanin sandunan, in ka kaɗa ta hagu da dama, sandunan za su tare ta. Akwai gilashin da ke yi wa haske haka. A talabijin da yawancin gidajen silima an ƙara wata hikima, ana sa hasken ya riƙa murɗawa, wani ta dama wani ta hagu, don kada hoto ya lalace in mutum ya ɗan karkata kai. LG ta fito da nata a 2011 da sunan Cinema 3D. An manna wata siririyar leda a fuskar allo, layukan mara suna fitar da haske mai murɗawa ta wannan gefe, layukan cika ta wancan. Gilashin hagu ya karɓi nasa ya tare na dama. Hotunan biyu suna kan allo a lokaci guda, babu ƙiftawa, babu batir, babu buƙatar allo mai gudu, kuma hoton ya fi haske. Tabarau ɗin roba ne marar nauyi mai arha, har wanda ake rabawa a gidajen silima masu tsarin RealD yakan yi aiki da shi.

A nan ma akwai abin da aka sadaukar. Layi 1080 aka raba biyu, kowane ido ya samu 540. In ka matso kusa za ka ga siraran baƙaƙen layuka a kwance. Samsung da LG sun yi zazzafar cacar baki a kan wannan a Koriya ta Kudu a 2011, ɗaya na cewa rabin hoto ake sayar wa mutane, ɗayan na cewa ƙwaƙwalwa na haɗa rabi biyun su zama cikakke. Gaskiyar tana tsakani, amma ta fi karkata ga cewa an rage wani abu. In kuma tashar ce ta aiko da hotunan biyu gefe da gefe a matse cikin hoto ɗaya, kamar yadda tashoshin 3D suka riƙa yi, to an riga an raba faɗin biyu, sai ido ya tashi da ɗigo 960 a kwance da layi 540. Sannan ledar tana son a kalle ta daga daidai tsayin ido. In an rataye talabijin can sama kusa da silin, kamar yadda ake yi a gidajen kallon ƙwallo, ba a sunkuyar da shi ba, layin hagu zai leƙo ta ramin dama, inuwa ta cika hoton.

Duk da haka, in aka tambaye ni, marar batir ne ya fahimci yadda mutane ke kallo. Talabijin abin taro ne, ana kallo ana hira, ana tashi ana dawowa, yaro ya zauna a kan tabarau ya karya. Kuma raunin nasa ya warke da zuwan 4K, domin layi 2160 in an raba biyu kowane ido ya samu 1080 cif. Talabijin OLED na LG na 2016, irin su C6 da E6, har yau masu sha'awar 3D suna neman su a kasuwar na hannu. Sai dai maganin ya iso ana shirin jana'iza.

Tashar ESPN 3D ta buɗe ranar 11 ga Yunin 2010 da wasan farko na gasar cin kofin duniya, Afirka ta Kudu da Meziko, ɗaya daga wasanni 25 da aka ɗauka da 3D a gasar. Ta rufe a 2013, shekarar da BBC ma ta jingine nata shirin. Tashar Sky 3D ta Birtaniya ta bi su a 2015. Kamfanin Vizio ya daina ƙera talabijin mai 3D a 2014, Samsung a 2016, LG da Sony a 2017. Abin kallo ya yi kaɗan, finafinai da dama ba da kyamara biyu aka ɗauke su ba, da kwamfuta aka mayar da su 3D a gurguje. Ga kuma wata matsala da ba tabarau ɗin da ya magance, mai batir ko marar batir. A rayuwa, in abu ya matso kusa, idanu biyu suna karkatowa su haɗu a kansa, ƙwayar kowane ido kuma ta daidaita ganinta a wannan nisa. A 3D an raba aikin biyu: idanu suna haɗuwa a kan mashin da ya yi kamar zai soki hancinka, ƙwayar ido kuwa dole ta tsaya a nisan allo. Wannan saɓani ne ke kawo ciwon kai da jiri ga wasu. Wanda kuma idonsa ɗaya ke da rauni sosai, ko idanunsa ba sa kallon wuri ɗaya, sau da yawa ba ya ganin zurfin sam, sai dai hoto mai duhu.

Saboda haka duk talabijin mai tambarin 3D da ka gani a kasuwa yau, ka san ya kusa shekara goma ko ya wuce, kuma babu tashar da dikodarka za ta kamo masa da 3D. Sai dai faifan Blu-ray 3D da na'urar da ke karanta shi, ko fayil mai hoto gefe da gefe a filas. Maɓallin da ke mayar da shirin yau da kullum zuwa 3D ƙage ne shi ma, kuma ba mai kyau ba. Kada a ƙara maka ko sisi saboda tambarin. Amfaninsa ɗaya shi ne alama: mai tabarau mai batir galibi allonsa 100 ko 120 ne na gaskiya, marar batir kuwa yana iya zama 50 ko 60. Ga sabon talabijin, ka ɗauki lambar samfurin da ke bayansa ka bincika saurin allon kansa, kada ka tsaya ga lambar da ke gaban kwali. In kallonka labarai ne da Arewa24 da YouTube, mai 50 ko 60 ya ishe ka, ka sa rarar kuɗin a girman allo da kyawun baƙinsa. In kuma ka nace sai ka ɗanɗana 3D, ka sa a gwada tabarau ɗin a kan talabijin ɗin tun a shago, domin ko a cikin kamfani ɗaya ba sa shiga juna: tabarau ɗin Samsung na 2010 da hasken rimot yake aiki, talabijin ɗinsu na 2011 kuwa Bluetooth yake nema.